Wasiƙa Zuwa Ga Baba Da Inna Kan Maganar Karatuna

Baltimo, Amurka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba da Inna, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ya damina? Yaya ya ce ruwa ya zauna a Zariya, har an gama shuka a gonar Baba. Allah ya ba da albarka. Ni ma lafiyata ƙalau.

Na ga gara in rubuto, don a waya ba ma samun natsuwa. Maganar makarantar nan dai ta likitanci da bincike da na nema, bana ba a ɗauke ni ba. An kira ni ganawa, wata jami'a ma ta sa sunana cikin masu jiran gurbi. A nan daga 30 ga Afrilu ake sa kowa ya riƙe makaranta ɗaya ya saki sauran, sai a shiga kiran masu jira. Na yi ta duba waya har Yuni ya shigo, shiru. Haka Allah ya so.

Baba ya sha tambayata me ya sa ban nemi likitanci zalla ba kamar kowa. A gida yaro na gama sakandare zai shiga karatun likitanci na MBBS, shekara 6 ya fito. A nan sai ka gama digiri na farko, ka rubuta MCAT, wato jarrabawar neman shiga likitanci, sannan ka yi shekara 4 a makarantar likitanci, kuma da kuɗinka. Yawancin masu gamawa suna fita da bashi, wanda ake bin mutum ɗaya kan kai wajen dala 200,000. Shirin da nake nema, MD-PhD, ya haɗa likitanci da digirin digirgir na bincike: shekara 2 a aji, wajen 4 a ɗakin bincike, sai 2 a asibiti. A yawancin shirye-shiryen ba ka biyan kuɗin makaranta, har alawus ake ba ka na zama. Shi ya sa ƙofar take da ƙunci, wajen mutum 700 ake ɗauka a shekara a duk faɗin ƙasar. Guraben da NIH, hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ke biya kuwa sai ɗan ƙasa ko mai katin zaman dindindin. Alhamdu lillahi ta nan ba ni da matsala.

Ba don kyautar ba ce kaɗai, Baba. Wanda ya fito da wancan bashi a kansa dole ya bi aikin asibiti mai tsoka don ya biya, bincike kuwa albashinsa kaɗan ne. Ni kuma bincike ne ya kawo ni. Kun san a kan sikila nake aiki, kun kuma san dalili. Inna ce ta yi ta kwana a asibiti da marigayiya. A Disamban 2023 an amince a nan da wani magani mai suna Casgevy, wanda ake ciro ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mara lafiya, a gyara ƙwayar halittarsu, a mayar masa. Kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Nijeriya kuwa, inda ake haifar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara, akwai gidajen da ko hydroxyurea, maganin da masu sikila ke sha, ba sa iya saya a kai a kai. Wanda zai yi aiki a kan wannan giɓin yana buƙatar ya san gadon mara lafiya, ya kuma san teburin gwaji. Abin da nake so in zama ke nan.

Yanzu ga inda na tsaya. An riga an fara karɓar takardun nema na bana tun ƙarshen Mayu, kuma wanda ya miƙa da wuri ya fi samun kira. Ƙawayena suna cewa in tura kawai. Ban yarda ba. Masu tantancewa abin da suka fara dubawa ga wanda ya dawo shi ne me ya ƙaru, kuma in na tura takardun bara da sabon kwanan wata, sauya wa tuwo suna ne kawai. Aikin da nake yi da malamata bai fito a mujalla ba tukuna, muna sa ran kammala shi kafin ƙarshen shekara, da sunana a gaba. Ita ma shawararta in jira. Abin da ke matsa min shi ne MCAT, don yawancin makarantu ba sa karɓar sakamakon da ya wuce shekara 3. Nawa zai kai baɗi, ba zai wuce nan ba, kuma jarrabawa ce ta fiye da awa 7 da ba na marmarin sake zama.

Saboda haka bana zan bari ta wuce, in ci gaba da aiki, in ƙara zuwa asibitin masu sikila ranar Asabar, sannan baɗi in nema sau ɗaya tak. In ba a dace ba, zan nemi digirin digirgir shi kaɗai, ba zan ci bashi ba. Na yi istihara, zuciyata ta kwanta a kan haka.

Inna, na san lissafin da kike yi, ni ma na yi shi. In an ɗauke ni baɗi, sai na haura talatin da 'yan kai kafin in gama, ga kuma horon ƙwarewa a asibiti na aƙalla shekara 3. Amma karatun bai hana aure ba, akwai masu aure da goyo a cikinsu, na gan su da idona. Abin da nake roƙo, duk wanda Gwaggo za ta kawo maganarsa a faɗa masa gaskiyar shekarun nan tun farko, kada a ce masa na kusa dawowa.

Baba, wannan shawarata ce, ban yanke ba sai na ji ta bakinku. In kun ga wani abin da ban hango ba, ku faɗa min. Kuɗin takin da na turo ta hannun Yaya, a sanar da ni in sun iso. A gaishe min da Kawu da Gwaggo da yaran gida duka, a kuma sa ni a addu'a.

Wassalam,
'Yarku, Auta