Malam, Ta Yaya Za Mu Kare Dattawanmu Daga 'Yan Damfara Ba Tare Da Mun Ci Musu Fuska Ba?

Assalamu alaikum warahmatullah. Allah ya gafarta Malam, muna gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka na gidan rediyo.

Mu wasu masu sana'ar POS ne a cikin birnin Kano, tsakanin Kasuwar Rimi, Kurmi da Ƙofar Wambai. Da yawa daga cikin masu cirar kuɗi a wajenmu dattawa ne: 'yan fansho, iyaye mata da 'ya'yansu ke turo wa kuɗin cefane, da tsofaffin 'yan kasuwa waɗanda ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tilasta wa riƙe katin banki. Dabarun ɓarayi mun san su. Abin da ya gagare mu daban ne, amma sai mun shimfiɗa maka yadda ɓarnar take tukuna.

Mafi yawanta ta waya take shigowa. Mutum zai kira dattijo da cikakken sunansa, cikin ladabi, ya ce daga banki ne, za a rufe asusunsa yau saboda BVN ɗinsa, lambar tantancewa ta banki, bai haɗu da NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, ba. Sun fi son yammacin Juma'a, lokacin da babu damar zuwa banki sai Litinin. Sai ya nemi doguwar lambar da ke fuskar kati, da watan da katin zai daina aiki, da lambobi 3 na bayansa, daga ƙarshe ya ce a karanto masa lambar da ta shigo yanzu ta saƙo. Wannan ta ƙarshen ita ce OTP, kuma da ita aka gama. Dalilin da dabarar ke ci shi ne an koya wa dattawanmu cewa lambobi 4 na PIN kaɗai ne sirri. Tunda mai kiran bai tambaye su ba, sai hankali ya kwanta. Alhali da waɗancan abubuwa huɗu ana iya sayayya ta intanet ba tare da an taɓa katin ba. Banki ba ya kiran kowa ya nemi PIN ko OTP. Duk wanda ya nema a kashe wayar, a kira lambar da ke rubuce a bayan kati.

Satar waya ta fi wannan muni, don ba wayar ake so ba, layin ake so. Ƙaramar waya mai madanni da ba ta kai komai ba a kasuwar waya ta Farm Center tana iya ɗauke da mabuɗin fanshon mutum gaba ɗaya. Ɓarawo zai danna *565*0#, lambobi 11 na BVN su fito masa. Tsofaffin saƙonnin alat za su nuna masa bankin da lambar asusun. Daga nan sai ƙoƙarin sake lambar sirrin tura kuɗi, da sayen katin waya, har da cin bashi da sunan mai layin. Maganin yana cikin wayar: a sa wa sim ɗin kansa PIN, ba makullin fuskar waya kaɗai ba, ta yadda in aka cire shi aka sa a wata wayar ba zai buɗe ba. Inda ake samun cikas shi ne caji ya ƙare, waya ta mutu, a kunna ta nemi lamba, Baba ya manta. Kuskure sau 3 layin ya kulle sai da PUK, lambobi 8 da ke jikin kwalin sim, wanda galibi an yar tun ranar da aka saya. Don haka a nemo PUK a ajiye kafin a fara. In waya ta ɓata, asusu ake fara rufewa. Bankuna suna da gajeriyar lambar rufe asusu da ake iya dannawa daga wayar kowa, ya kamata a rubuta ta a manna a ɗaki. Bayan haka a je ofishin kamfanin layi da NIN a yi welkam bak, wato a dawo da lambar a kan sabon sim.

Akwai musanyar kati a bakin ATM: saurayi ya zo da sunan taimako, ya ga PIN, ya miƙo wani mataccen kati na banki iri ɗaya. Ɗigon fenti ko jan farce a gefen kati ya isa mai shi ya gane nasa. Ba za mu wanke sana'armu ba kuma, Malam, domin a cikinmu ma akwai ɓata-gari. Wani zai ƙara sifiri ɗaya, 5,000 ta koma 50,000. Wani zai ce netwok ya hana, a sake sa lamba, alhali na farkon ya tafi. Wanda idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu ba shi da yadda zai gane, sai dai ya karɓi rasit duk lokacin, ko an ce bai yi ba, ya kai gida a duba masa.

Masu bin unguwanni suna karɓar takardar NIN da hoton fuska da sunan tallafi ko tantance fansho su ma nasu ya isa. Da bayanan nan ake buɗe asusu a yi rajistar layi, kuɗin sata su bi ta ciki, ranar da bincike ya taso ƙofar tsohuwar da ba ta san hawa ba ta san sauka ba za a buga. Na kujerar Makka mai rahusa da na zuba dubu ka kwashi dubu biyu ba sai mun ja ba. Cikin irin waɗannan na zuba kuɗi, MMM ta rushe a ƙarshen 2016, CBEX a 2025, amma har gobe ana samun masu zubawa.

Tsarin da muka ga ya fi tsare dukiya shi ne asusu biyu. Babban, inda fansho ko ajiya ke zama, kada a yi masa kati, kada a buɗe masa tura kuɗi ta waya, sai mai shi ya je da ƙafarsa. Ƙaramin shi ke da kati, a riƙa zuba masa abin da zai isa mako ɗaya ko biyu, a kuma rage iyakar abin da za a iya fitarwa a rana. In an yi sata a sanar da banki nan take, don cikin mintuna ake rarraba kuɗin zuwa wasu asusai. A rubuta koke a karɓi lambar shaida. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, a kai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya. Batun layi kuwa hukumar NCC tana da 622, kyauta ne. EFCC ma tana da ofis a nan Kano.

To Malam, ga inda muka tsaya. Duk wannan ba ya aiki sai dattijon ya yarda, kuma yawanci ba ya yarda. Ɗa ya ce wa mahaifinsa kada ya ƙara karanta wa kowa lamba a waya, amsar da zai samu ita ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wanda aka damfara kuma ɓoyewa yake yi, don kada 'ya'ya su ce ya fara ruɗewa su karɓe masa kati, sai lokacin da banki zai iya tare kuɗin ya wuce. Da wane harshe ake gaya wa uba wannan magana, mu da aka hana mu ce musu ko da "uf"? Mun san fiƙihu ya yi maganar hana wanda ba ya iya tattali taɓa dukiyarsa, amma mutumin da ya yi shekara arba'in yana juya kuɗi a Kantin Kwari, hankalinsa garau, waya ce kawai ta zo masa a baƙuwa, yana cikin wannan hukunci? In ɗa ɗaya ya riƙe katin da yardar uban, me zai yi don kada 'yan uba su zarge shi, yau ko ranar rabon gado?

Tambaya ta biyu ta fi damun mu. Da ɗan gari akan ci gari. Sau da yawa mai kwasar kuɗin ba baƙo ba ne, jika ne ko yaron gida da ake aika da kati da PIN a ƙunshe cikin takarda ɗaya. An aike shi ya ciro dubu goma, ya ciro goma sha biyar, ya goge alat kafin ya mayar da wayar. Mai POS yana gani. In ya yi shiru, ya zama abokin cin amana? In ya je ya faɗa wa Hajiya, ya shiga sha'anin gidan da ba nasa ba, wataƙila ya haddasa rabuwar zumunci a kan zato. In ya ƙi cire wa yaron, teburin gaba zai je. Wa ya kamata a fara samu, yaron, mai katin, babban ɗanta, ko mai unguwa? Kuma wace irin shaida ce ta isa mutum ya buɗe baki?

Muna roƙon ka amsa mana a shirin da ake sawa bayan sallar isha'i, don a lokacin ne dattawan suke kusa da rediyo, kuma abin da ba za su karɓa daga bakinmu ba za su saurare shi daga naka. Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Wassalam.
Ɗalibanka, wasu masu sana'ar POS a cikin birnin Kano.