Wasiƙa zuwa Madrid: mutumin da ya yi wa mulkin Franco karatun ta-natsu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan alhamdu lillahi, sai zafi da ɗauke wuta, waɗanda ba baƙinka ba ne. Hajiya ta ce in tambaye ka ko hanyar gida ce ta ɓace maka.

Na ga saƙonka, kana mamakin yadda abokan aikinka ke ɗaga jijiyar wuya a kan Janar Franco, wanda ya mulki Sifaniya har ya mutu a 1975, har aka tono gawarsa a 2019 aka sauya masa makwanci. Ka ce wani ya kira shi Hitlan Sifaniya, wani ya ce sharri ne. To wannan gardama tana da uba, bari in ba ka labarinsa don kada ka riƙa zama ɗan kallo a cikinsu.

Sunansa Juan Linz. A Bonn ta ƙasar Jamus aka haife shi a 1926, uba Bajamushe, uwa 'yar Sifaniya. Yana yaro aka koma da shi ƙasar uwarsa, saboda haka yaƙin basasar 1936 zuwa 1939 a kan idonsa aka yi, kuma a ƙarƙashin Franco ya yi karatu a nan garin da kake. A 1950 ya tafi Jami'ar Columbia a Amurka, daga baya ya zauna a Yale yana koyarwa. Ya mutu a 2013.

Lokacin da ya fara, masana kimiyyar siyasa gida biyu suke kasa gwamnatoci: ko dimokuraɗiyya, ko mulki irin na Hitler da Stalin, mai bin mutum har ƙuryar ɗakinsa. A 1964 Linz ya fitar da muƙala a kan ƙasar da ya tashi, ya ce akwai na uku, kuma zaune yake da gindinsa. Franco ba shi da wata tsararriyar aƙida da kowa zai haddace. Bai damu jama'a su riƙa fitowa gangami kullum ba, ya fi son kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, ya nemi abincinsa. A cikin gwamnatin kuma akwai ɓangarori: sojoji, Cocin Katolika, 'yan Falange (jam'iyyar masu tsananin kishin ƙasa da ta mara wa Franco baya), da masu son a maido da sarauta. Suna ta ja-in-ja, shi kuwa yana raba musu muƙamai yadda babu wanda zai yi ƙarfin da zai gagare shi. Ni da kai da muka tashi a zamanin soja mun san wannan yanayi. Babu wanda ya ce mu yi imani da wani abu. Sarakuna na nan, 'yan kasuwa na nan, malamai na wa'azi, kowa dai ya san iyakar da ba a tsallakawa.

Wasu masu adawa da Franco sun ji zafin wannan bayani, suka ce wanke Franco ake son yi. Ban ga laifinsu ba, wanda aka harbe wa uba ba ya son jin rabe-rabe. Amma likitan da ya ce maka taifot ke damunka, ba maleriya ba, bai ce lafiyarka ƙalau ba. Kuma tarihi ya goyi bayan Linz. Adolfo Suárez, wanda ya ja ƙasar zuwa zaɓen 1977 da tsarin mulkin 1978, ɗan cikin gidan ne, ya taɓa riƙe ragamar ƙungiyar siyasar gwamnatin Franco kanta. Daga waɗancan tsagogin da Linz ya nuna ginin ya fara rugujewa.

Inda muka raba gari da Linz, wata muƙala ce ta 1990. Ya ce tsarin shugaba mai cikakken iko haɗari ne ga dimokuraɗiyya: wanda ya ci zaɓe ya cinye duka, wa'adi a kafe yake ko da mulki ya lalace, shugaba da majalisa kowa na cewa shi jama'a suka zaɓa, in sun sarƙe sai soja ya shigo raba gardama, kamar yadda aka yi a Chile a 1973. Sai wani masani, Donald Horowitz, ya ba shi amsa da Nijeriya. Ya ce ai tsarin firaminista muke bi a Jamhuriya ta Ɗaya, shi ne ya bar yanki ɗaya ya mamaye majalisa, aka kifar da shi a Janairun 1966. Ya yaba wa tsarin 1979, wanda ya wajabta wa ɗan takara samun kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu cikin uku na jihohi. Ka tuna lissafin nan na sha biyu da biyu bisa uku, da ƙuri'un Kano suka kai Shagari da Awolowo Kotun Ƙoli? Sai dai shi ma wannan tsarin shekara huɗu da 'yan watanni ya yi, soja suka ture shi a ƙarshen 1983. Mun gwada duka biyun, duka kuma bariki ya cinye su, shi ya sa nake ganin misalan Linz sun yi yawan jingina da Kudancin Amurka.

In ka samu sarari ka tambayi dattawan wurin aikinku yadda suke kallon Suárez, ka rubuto mini. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Wassalam,
Naka amini