A daina raina ƙananan kwalejoji a karatun kimiyyar lafiya

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan yadda iyaye ke raina ƙananan kwalejoji idan aka zo batun digirin farko a kimiyyar lafiya, yaro ya samu gurbi amma sai ka ga gida an yi jugum, wai don ba babbar jami'a mai suna ba ce.

Ni malami ne a irin wannan makaranta, kuma wallahi karatun lafiya da hannu ake koyonsa. Ɗauki awon hawan jini kawai, sai ɗalibi ya ɗaura abin awon a damtsen abokinsa ya hura, ya ɗora abin saurare a lanƙwasar hannu yana sakin iska a hankali har ya ji bugun farko, lambar sama kenan, inda bugun ya ɗauke kuma lambar ƙasa, to 120/80 ɗin da kowa ya haddace me za ta yi maka in kunnenka bai saba ba? A ajin mutum ashirin malami zai tsaya a kanka ya ce sake, ka yi saurin sakin iska, gobe ma ya sake kama ka. A holin lakca mai ɗaruruwan mutane wa ma ya san sunanka.

Amma fa ban ce kowace ƙaramar makaranta ta ƙwarai ce ba. A 1910 wani masanin ilimi ɗan Amurka, Abraham Flexner, ya fitar da rahoto bayan ya zagaya makarantun likitanci 155 a Amurka da Kanada, ya tarar da yawansu kuɗin ɗalibai kawai suke karɓa, babu ɗakin gwaje-gwaje na kirki babu asibitin koyarwa, kuma bayan haka aka rufe da dama. Irinsu har yau suna nan. Don haka uba ya taka da ƙafarsa, ya ce a buɗe masa lab ya ga maikuroskop nawa ne ke aiki, ya tambayi asibitin da yara ke zuwa firaktikal, sannan uwa uba ya tabbatar hukumar da ke ba da lasisi ta amince da kwas ɗin. Wannan na ƙarshen shi ya fi ci min rai, domin digirin kimiyyar lafiya shi kaɗai ba ya mai da mutum likita ko nas, yara da yawa sai sun gama suke sani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen ƙarancin ma'aikatan lafiya aƙalla miliyan 10 nan da 2030, manyan jami'o'i su kaɗai ba za su cike wannan giɓin ba. Edita, da za ku tura wakilanku su leƙa waɗannan kwalejoji ku buga mana waɗanda ke da amincewar hukuma, da kun taimaki iyaye sosai.

Naku,
Wani malamin kwaleji