Ofishin maigida ya hana mu tarewa a sabon gida

Assalamu alaikum Hajiya,

Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni matar aure ce a nan Kaduna. Mun daɗe muna haya a Unguwar Dosa, yanzu Allah ya nufa mun gama ɗan gininmu a Rigasa, ɗaki biyu da falo. Kowa yana taya mu murna, amma har yau ba mu tare ba, kuma ba komai ya riƙe mu ba sai ɗaki ɗaya: wanda maigidana yake kira ofis.

Tun da ya yi ritaya daga aikin gwamnati yake zama a ciki yana yi wa wasu 'yan kasuwar Gumi lissafi, yana kuma taimaka wa mutane da cike takardun fili. Da abin da yake samu a nan muke rufa wa kanmu asiri, don haka ban raina aikin ba. Sai dai Hajiya, in kin leƙa ɗakin ba za ki ga teburin ba. Fayil a kan fayil, kwalaye har sun tsere wa taga, tafireta tun ta zamanin aiki, kwamfutar da ta daina tashi, firinta biyu matattu, wayoyin caja a cukurkuɗe cikin durowa, ga matattun batiran inbata a lungu suna tsatsa. Sannan tarin jaridun New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo ɗaure da igiya. In hunturu ya shigo ƙura ta lulluɓe komai ya yi ta tari, in damina ce takardun su sha raɓa su riƙa wari. Bara gara ta shiga kwalayen ƙasa ta cinye rabinsu, shi kansa bai san me ta ci ba.

Duk sanda na ɗauko maganar sai ya ce, "Ajiya maganin wata rana." Kuma gaskiya wani lokacin yakan yi nasara a kaina. Da aka kafa KADGIS, hukumar kula da filaye ta jihar Kaduna, aka ce masu filaye su sabunta takardunsu, a cikin wannan tarkacen ya zaƙulo tsohuwar takardar filin nan na Rigasa. Haka in an kira 'yan fansho tantancewa, takardar ɗaukarsa aiki da ta ƙarin girma suna nan. Shi ya sa ba zan iya yin abin da ƙanwata take zuga ni ba, wai in bari ya tafi masallacin Juma'a in kira 'yan gwangwan su auna su kwashe. Ni ban san wacce takarda ce dukiya wacce ce shara ba, shi kaɗai ya sani, shi kuma kowacce ya ɗaga sai ya zauna karatunta har a kira magariba.

Ƙarafan ba su dame ni ba, Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa, na nan. Takardun ne matsala. Wasu na ɗauke da sunayen mutane da lambar asusunsu da abin da ake bin su bashi. Ba zan so a wayi gari an naɗe wa wani ƙosai ko tsire a cikin sirrin bawan Allah ba. Wasu kuma da bisimilla a samansu, ko aya a tsakiya, musamman kalandu da katunan ɗaurin aure, waɗannan ba a jefa su a bola. Ɗanmu ya ce a ɗauki hoton komai da waya a adana, uban ya ce shi takardar da ba zai taɓa da hannu ba ba takarda ba ce. Jaridun kuwa na ce ya tuntuɓi Arewa House, tunda can ake adana irin waɗannan kayan tarihi don masu bincike. Ya yi shiru, na ga idonsa ya canza. A ganina ɗakin nan shi ne abin da ya rage masa na shekarun da ake gaishe shi da "ranka ya daɗe" a ofis, shi ya sa nake taka-tsantsan da bakina.

To amma mai gidan haya ya ba mu wa'adi zuwa ƙarshen wata mai zuwa. A sabon gida ɗaki ɗaya namu ne, ɗayan na 'yan matanmu biyu da ba su yi aure ba. Abin da zan iya ware masa shi ne kusurwar falo, tebur ɗaya da kabad mai makulli.

Hajiya, ta ina za mu fara? Waɗanne takardu ne dole a riƙe ainihinsu, waɗanne ne hoto ya wadatar? Rasit da littattafan lissafin mutane, shekara nawa ya kamata a ajiye su kafin a mayar wa masu su ko a ƙona? Masu ayoyi, ƙonawa ya fi ko binnewa? Kuma in sa yayansa ya yi masa magana, ko hakan zai zama kamar na kai ƙararsa?

Ki taimaka ki amsa a shirin wannan makon, don yakan saurare ki, kuma maganarki tana shigarsa fiye da tawa. Don Allah a sakaya sunana.

Taki,
Wata mai sauraro daga Kaduna