Kira Ga Iyayen Da Ke Tura 'Ya'yansu Karatu Ƙasar Filifin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da iyayenmu da ƙannenmu na Jihar Kebbi a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na yi shekara biyar ina karatu a birnin Sebu na ƙasar Filifin, kuma tun da na dawo Birnin Kebbi da wuya wata ya shige wani uba bai sallamo gidanmu ba, daga Argungu ko Jega ko Yawuri, yana neman bayani a kan tura ɗansa can ya karanta likitanci ko aikin jinya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne: nawa ne kuɗin makaranta, yaya ake samun biza, kuma za a karɓi takardar idan yaro ya dawo gida. Ban cika jin wanda ya tambaye ni yadda yaron zai zauna lafiya a tsakanin mutanen ƙasar ba, alhali kuwa a nan ne na ga 'yan'uwanmu sun fi yin tuntuɓe.

Filifin ƙasa ce ta tsibirai sama da 7,600, mutanenta sun haura miliyan 100, mafi yawansu Kiristoci mabiya ɗariƙar Katolika, Musulmi kuma 'yan tsiraru ne da suka fi yawa a kudu, a yankin Mindanawo. Abin da kunnenmu ya fi ji game da ita shi ne yaƙin birnin Marawi na shekarar 2017, wanda ya ɗauki wata biyar, da kuma garkuwa da mutane da ƙungiyar Abu Sayyaf ta yi ta yi a tsibiran Sulu da Basilan. Waɗannan gaskiya ne, kuma ɗalibi ba shi da dalilin zuwa yawon buɗe ido a irin waɗannan wurare. Amma mu mutanen arewa maso yamma mun fi kowa sanin cewa fitinar da ke cikin wani daji ba ita ce rayuwar kowace unguwa ba. Abin da ya fi cutar da baƙo a can yana faruwa ne a ƙofar ɗakinsa, tsakaninsa da maƙwabcinsa.

Mutanen Filifin masu fara'a ne da son baƙo, kuma galibinsu suna jin Turanci, abin da ke sa sabon zuwa ya ɗauka ya gama fahimtarsu cikin mako guda. Suna da wata ɗabi'a da suke kira hiya, wadda ta yi kama ƙwarai da kunyarmu ta Hausa. Mutuminsu zai jure rashi, zai jure gajiya, amma ba ya jure a ci masa fuska a gaban jama'a, kuma ba lallai ya nuna maka a take ba, domin yana iya yin murmushi alhali abin ya zauna masa a zuciya. Mu kuma 'yan Najeriya, a faɗi gaskiya, muna da ɗaga murya ko a cinikin tumatir, har abin da muke ɗauka hira ce su suna jinsa a matsayin faɗa.

Na ga wannan da idona a shekarata ta biyu. Maƙwabcinmu yana bikin zagayowar ranar haihuwar 'yarsa, an kunna na'urar waƙa da suke matuƙar so, wadda kowa ke karɓar makirufo yana rerawa, har dare ya raba, mu kuma muna da jarrabawa da safe. Abokin zamana, wanda shi ma ɗan Arewa ne kuma mutumin kirki, ya fita a fusace ya daka wa maigidan tsawa a gaban baƙinsa da surukansa. Nan take wuri ya yi tsit, aka kashe na'ura, abokina ya dawo yana ganin ya yi nasara. Washegari mai shagon da muke sayen burodi ya daina amsa gaisuwarmu, masu Keke Napep na layin suka riƙa wuce mu, samari kuma suka fara tsayawa a bakin ƙofarmu da dare ba su cewa komai. Dattijuwar da muke haya a gidanta ce ta cece mu. Ta kira mu ta ce mu sa tufafi masu kyau, ta kai mu ofishin mai unguwa, aka kira maƙwabcin, abokina ya ba da haƙuri a gaban mutanen da aka yi abin a gabansu, shi kuma maƙwabcin ya yi alkawarin rage sauti a lokacin jarrabawa. Bayan wata biyu mutumin nan da kansa ya kori wani da ya gani yana leƙen tagarmu muna makaranta.

Wannan ofishi shi ne abin da nake so kowane uba ya sani. Ana kiran unguwa barangai, ita ce matakin mulki mafi ƙanƙanta a ƙasar, tana da zaɓaɓɓen shugaba da 'yan sintiri da ake kira tanod, da kuma kwamitin sulhu wanda doka ta ba shi ikon sauraron ƙananan rigingimun maƙwabta kafin a kai su kotu. Duk wanda ya tashi a ƙasar Gwandu ko Argungu ya san darajar a ce mai unguwa ya san fuskarka. Don haka shawarata ga ɗalibi ita ce a makon farko ya roƙi mai gidan hayarsa ya kai shi ya gabatar da shi, ya riƙa gaida masu gadi da masu shago, ya koyi saka kalmar po a maganarsa da manya domin alamar ladabi ce, ya kira namijin da ya girme shi kuya, mace kuma ate, kamar yadda muke cewa yaya. Ba zan ɓoye ba, baƙar fata yana shan kallo, yara kan bi shi da ihu, wani lokaci ma babba ya yi maganar da ke sosa rai. Na sha jin zafin wannan, amma na lura wanda aka sani da suna a unguwa, unguwar ce ke tsawatar wa mai yi masa haka.

Sai batun takardu, wanda samarinmu ke wasa da shi. Baƙon da zai wuce kwana 59 dole ne ya mallaki katin rajistar baƙi daga hukumar shige da fice, kuma masu bizar karatu suna kai kansu rahoton shekara a cikin kwana 60 na farkon kowace shekara. Wanda bizarsa ta ƙare ya zama abin tausayi, domin ko sata aka yi masa tsoron zuwa wurin 'yan sanda yake yi, kuma miyagu sun san haka. Baƙo ba ya shiga zanga-zanga ko gangamin siyasa, ana korar mutum daga ƙasar a kan wannan. Haka nan tsarin mulkinsu na 1987 bai yarda baƙo ya mallaki fili ba, saboda haka duk wanda ya ce a turo kuɗi daga gida a saya wa yaro fili da sunansa, a yi hattara da shi.

Akwai maganar da ta fi min nauyin faɗa, amma shiru a kanta cin amana ne. Ba kowane wanda ya yi maka Hausa ko ya nuna maka koren fasfo a ƙasar waje ba ne ɗan'uwanka. Dokar miyagun ƙwayoyi ta ƙasar, ta shekarar 2002, tana kai mai sayarwa ɗaurin rai da rai, kuma duniya ta ga dubban rayukan da suka salwanta a yaƙi da ƙwaya na zamanin Shugaba Duterte, daga 2016 zuwa 2022. Yaron da aka ce ya ajiye wata jaka kwana biyu, ko ya karɓo saƙo da sunansa, ko ya ba da aron asusun bankinsa a turo kuɗi, ya sani cewa sunansa ne a rubuce ranar da asiri ya tonu. Tun 2022 kowane layin waya da sunan mai shi ake yi masa rajista, don haka aron layi ma ba ƙaramin abu ba ne. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma kotun can ba ta san wane ne mahaifinka a Kebbi ba.

Ƙananan ɓarayi kuwa akwai su kamar kowane babban birni. Masu fizgen waya a kan babur suna nan, masu yankan aljihu suna shiga motocin haya, kuma ba a karɓar abin sha daga hannun wanda aka haɗu da shi yau, domin akwai masu zuba maganin barci su kwashe kayan mutum. Da dare gara a kira mota ta manhajar Grab. Naman alade ya cika abincinsu, sunansa baboy, kuma idan ka bayyana addininka cikin ladabi suna girmamawa, har su nuna maka inda Musulmi ke sayar da abinci.

Abin da ɗan Kebbi bai saba da shi ba shi ne mahaukaciyar guguwar teku. Kusan guda 20 ke shiga yankin ƙasar a kowace shekara, kuma wadda ta afka wa birnin Takloban da kewaye a watan Nuwamba na 2013 ta kashe mutum sama da 6,000. Idan hukumar yanayi ta ɗaga gargaɗi, ko mai unguwa ya ce a tashi, to a tashi tare da jama'a, a kuma haƙura da hawa jirgin ruwa, mu da ba mu manta da haɗarin jirgin Wara na 2021 ba. Zazzaɓin dengi da sauro ke kawowa yana kama da maleriya, kuma ɗabi'armu ta sayen magani a kemis mu sha tana iya jawo asarar rai, don haka zazzaɓi ya kama yaro, asibiti zai nufa a gwada jininsa. Lambar neman agajin gaggawa a duk faɗin ƙasar ita ce 911.

Roƙona ga hukumar ba da tallafin karatu ta jiharmu shi ne ta riƙa tara ɗaliban da za su tafi, ko da na kuɗin iyayensu ne, ta haɗa su da waɗanda suka dawo su yi musu bita ta yini guda. Iyaye kuma su tabbatar yaro ya kai sunansa ofishin jakadancin Najeriya da ke Manila, su karɓi lambar mai gidan hayarsa da ta wani maƙwabci ɗan ƙasar, su ajiye hoton fasfonsa da na bizarsa a gida. Agogonsu yana gaban namu da awa bakwai, don haka uban da ya kira bayan sallar Asuba zai samu ɗansa da rana tsaka, kuma ina roƙon idan ya gama tambayar karatu, ya tambaye shi sunan maƙwabcinsa da yaushe rabonsa da gaishe shi.

Na gode da wannan fili da aka ba ni. Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu a duk inda suke.

Naka mai karatu,
Tsohon ɗalibi a Sebu,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.