Zuwa ga Malamina: da ɗana ne, zan bar shi ya buga ƙwallo a shekarar korona?

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan iyali suna lafiya. An turo mini shirin wasannin da aka yi da Malam a rediyo, na kuma ji inda Malam ya ambace ni, ya ce tunda a Amurka nake zaune, kuma aikin gwajin zuciya nake yi a asibiti, in fito in ba da amsa. Tambayar ita ce: a shekarar korona jami'o'in Amurka sun buga ƙwallonsu har aka ɗaga kofi, ba a ji ana kwasar gawar 'yan wasa daga fili ba, to waɗanda suka ce a dakata ashe ba tsoro ne kawai ya kama su ba? Kuma da ɗana ne, zan hana shi? Tunda a bainar jama'a aka yi tambayar, a nan zan amsa, da ladabin ɗalibin da Malam ya koya wa gudu a filin makaranta.

A watan Agustan 2020 da na hana shi. A ƙarshen Oktoba da na bar masa zaɓi, amma da sharaɗi. Har yau kuma ina ganin ba a yi wa yaran nan adalci ba, duk da cewa abin da aka fi tsoro bai auku ba.

Sai na fara da wasan kansa, domin ƙwallon Amurka ce (American football), ba tamaula irin tamu ba. Kafin kowane zagaye, ƙarti ne ke duƙawa sahu biyu, fuska da fuska, tazarar da ke tsakaninsu tsawon ƙwallon ce kawai. Da yawansu sun haura kilo 130. Ana sakin ƙwallo sai su rungumi juna suna ture-ture, a tashi, a sake jeruwa, fiye da sau ɗari kafin a tashi wasa. Ranar sanyi daga kan benci kana hango numfashinsu yana fita ta cikin hular kwano kamar hayaƙi, na wannan yana shiga na wancan. Ƙungiya ɗaya tana da 'yan wasa sama da 100, ɗakin sauya kaya ɗaya, jirgi ɗaya. Ga cutar da ke bin numfashi, ga ƙiba tana cikin abubuwan da ke tsananta ta, ga kusan rabin 'yan wasan manyan jami'o'i baƙaƙen fata ne, al'ummar da korona ta fi yi wa ɓarna a ƙasar. Rigakafi kuwa sai a Disamba aka fara shi.

Abin da ya tayar wa likitoci hankali a lokacin shi ne kumburin tsokar zuciya. Ƙwayar cuta kan shiga, zazzaɓi ya wuce, mutum ya ji garau, alhali tsokar zuciyarsa na kumbure. In ya zauna ya huta, yawanci takan warke. In ya shiga gudu da ɗaga ƙarfe, bugun zuciya na iya rikicewa ya faɗi nan take. Shi ya sa ake hana wanda aka samu da ita wasa na wata uku zuwa shida. A farkon Agusta mahaifiyar wani sabon ɗan wasan Jami'ar Indiana ta rubuta a Facebook cewa ɗanta, ƙato mai cikakkiyar lafiya, ya kamu har an kai shi sashen gaggawa, kuma ana zargin cutar ta taɓa masa zuciya. A watan Satumba likitocin Jami'ar Ohio State suka ɗauki hoton zuciyar 'yan wasa 26 da suka warke, suka ga alamun kumburi a 4. Ashirin da shida ba yawa ba ne, amma irin abin da ke hannu ke nan. Wanda ya ce a dakata a kan wannan bai yi wauta ba.

Ranar 11 ga Agusta rukunin jami'o'in Big Ten ya ɗage kakarsa da ƙuri'a 11 da 3, rukunin Pac-12 ya bi sahu a ranar. Rukunan SEC da ACC da Big 12 suka ce su za su buga. Daga nan ƙasa ta ɗauki zafi. Iyaye suka yi zanga-zanga a ƙofar ofishin Big Ten, 'yan wasan Jami'ar Nebraska 8 suka kai ƙara kotu, Shugaba Trump ya kira kwamishinan rukunin, Kevin Warren, a waya, ga zaɓe saura wata biyu. Ranar 16 ga Satumba Big Ten ya janye dakatarwar, ya ce za a fara a ƙarshen Oktoba, da gwaji kullum, da binciken zuciya ga duk wanda ya kamu, da hutun kwana 21.

Inda Malam yake da gaskiya ba zan ɓoye ba. Da aka tattara bayanan 'yan wasan Big Ten 1,597 da suka kamu, 37 aka samu da kumburin, wato kashi 2.3 cikin ɗari, kuma 28 daga cikinsu ba su ji wata alama ba. Wani binciken da ya fi faɗi, na 'yan wasa fiye da 3,000, ya sami ƙasa da kashi 1. Haɗarin ya fi yadda aka zata sauƙi, alhamdu lillahi. Haka nan Trevor Lawrence, ɗan wasan Jami'ar Clemson, wanda ya jagoranci masu cewa a bar su su buga, hujjarsa tana da ƙarfi. Ya ce in aka sallami yara suka koma gida, da yawansu za su koma inda babu gwaji, babu likita, babu wurin keɓewa. Kuma wani ɗan wasa mai shekara 20 na wata ƙaramar jami'a a jihar Pennsylvania da ya rasu a Satumba bayan ya kamu, makarantarsu ma ba ta buga wasa a kakar. Hana wasa ba ya hana cuta.

Amma Malam, waɗannan alƙaluman a 2021 suka fito, bayan an gama kaka. Wanda ya tsallake rafi cikin duhu ya fita lafiya, ba za a ce ya san zurfinsa ba. Sannan 28 ɗin nan da ba su ji komai ba, ba don binciken da dakatarwar ta haifar ba, da mafi yawansu sun koma fili da zuciya a kumbure. Makonnin da aka ce an ɓata su ne suka samar da gwajin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wa ke riƙe da ma'aunin. An kiyasta cewa manyan rukunan nan biyar za su yi asarar kusan dala biliyan 4 in babu kaka. A lokacin kocin Clemson yana kan kwantiragin dala miliyan 93 na shekara goma. Kocin Oklahoma State ya faɗa da bakinsa tun a Afrilu cewa a dawo da yaran, matasa ne masu lafiya, kuma ana bukatar kuɗi su ci gaba da gudana a jihar. Yaran kuwa a lokacin ba albashi, ba ƙungiyar ƙwadago. Tallafin karatu da abinci da wurin kwana ne ladansu, doka ma ta hana su karɓar kuɗin talla da sunansu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Jami'ar North Carolina ta rufe azuzuwa ranar 17 ga Agusta, mako guda da buɗewa, ta mayar da karatu intanet saboda cuta ta ɓarke a ɗakunan kwana, amma ranar 12 ga Satumba 'yan ƙwallonta suna fili. In harabar ba ta da aminci ga mai karatun lissafi, ta yaya ta zama da aminci ga mai ƙwallo?

Malam zai ce ai Firimiya ma ta dawo a Yuni, Bundesliga tun Mayu. Haka ne. Amma da N'Golo Kante ya ji bai natsu da komawa atisaye ba, Chelsea ta ba shi uzuri, ya zauna gida yana ɗan ƙwallonta. A gasar ƙwararru ta NFL, ƙungiyar 'yan wasa ta zauna da masu kulob aka yi ciniki: mai wata lalura da ya janye ana ba shi dala 350,000. Waɗancan manya ne da aka yi shawara da su. Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta ce duk wanda ya janye ba za a taɓa tallafinsa ba, ta hana a sa yara su sa hannu a takardar yafe haƙƙin kai ƙara, ta kuma ƙara wa kowa shekara guda. Na yaba. Sai dai ba ta iya ajiye wa yaro gurbinsa ba. Waɗanda suka janye hankali kwance su ne irin su Ja'Marr Chase da Penei Sewell da Micah Parsons, da NFL ta riga ta san su, aka ɗauke su na 5 da na 7 da na 12 a zaɓen sababbin 'yan wasanta na 2021. Saura fa? Cikin ɗari, ko biyu ba sa kaiwa NFL, kuma kowa yana ganin shi ne zai kai.

Na ga wannan da idona. A kakar ne aka turo mana wani ɗan wasa ya yi gwajin zuciya bayan ya warke. Babbar rigar asibitin da muke da ita ba ta rufe masa baya ba, gadon ma ƙafafunsa sun zarce. Ina manna masa wayoyin na'ura a ƙirji, ina jin jikinsa na rawa. Na ɗauka tsoron ciwo ne, na ce ya kwantar da hankalinsa. Sai ya yi ƙasa da murya ya ce, in an ga wani abu, dole ne koci ya sani? Shekararsa goma sha tara. Shi ne na farko a gidansu da ya shiga jami'a, kuma akwai yara biyu a bayansa da ke jiran gurbin. Gwajinsa ya fita lafiya. Amma tun ranar, in aka ce mini ai yaran da kansu suka zaɓi su buga, fuskarsa nake gani.

Da kaka ta yi nisa kuma dokokin suka fara laushi. Jaridar New York Times ta ƙirga fiye da mutum 6,600 da suka kamu a sassan wasanni na manyan jami'o'i, duk da wasu makarantun sun ƙi ba da adadinsu. An soke ko an ɗage wasanni fiye da 100, har da karawar Michigan da Ohio State da ba a taɓa fashinta ba tun bayan 1917. Big Ten ya sa dokar sai an buga wasa shida kafin a je wasan ƙarshe, da Ohio State ta tsaya a biyar aka ɗage dokar. Hutun kwana 21 ya koma 17 ana gab da wasannin kofi. Ƙila likitoci suna da hujja a kan haka, amma yaron da ke kallo ya fahimci abin da ake nufi. Ranar 11 ga Janairun 2021 Alabama ta doke Ohio State 52 da 24 ta ɗauki kofi.

Malam ya yi maganar tawakkali a shirin. Malam ne ya karantar da mu cewa da Sayyidina Umar ya ji annoba ta ɓarke a Sham, ya juya da jama'arsa, ya ce suna gudun ƙaddarar Allah ne zuwa ga ƙaddarar Allah. Shugaba ne ya ɗauki nauyin hukuncin, bai bar wa kowane soja ba.

Sharaɗina ga ɗana shi ne likitan da zai ce ya buga ko kada ya buga ya zama wanda koci ba shi da iko a kan aikinsa. Ba daga sama na tsinci wannan ba. A 2018 Jordan McNair, mai shekara 19, ya rasu bayan zafi ya buge shi a atisayen Jami'ar Maryland, shugaban jami'ar ya fito ya ɗauki alhakin kurakuran da aka yi wajen kula da shi. Sai kuma a rubuta cewa in ciwo ya bayyana bayan ya bar makaranta, su za su biya magani. In an cika waɗannan, ga gwajin kullum, zan zaunar da shi in faɗa masa abin da na sani, in bar shi ya yanke. Wasu abubuwan sun canza daga baya. A Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya kayar da NCAA, alƙalai tara baki ɗaya, kuma daga 1 ga Yuli aka bar yara su ci kuɗin sunansu.

Ina da roƙo ɗaya, tunda har yanzu yara na taruwa wurin Malam da yamma. Kumburin nan ba korona kaɗai ke kawo shi ba, mura mai zafi ma na iya jawo shi. Duk yaron da ya tashi daga zazzaɓi, in ya ce ƙirjinsa na ciwo, ko zuciyarsa na bugawa ba daidai ba, ko numfashi na yanke masa fiye da da, Malam ya cire shi daga fili ya tura shi asibiti, ko da gobe ne wasan ƙarshe, ko da ya rantse ya warke.

A gaida Hajiya da yara. Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana.

Ɗalibinka.