Zuwa Ga Ɗana, Kan Aikin Tsara Albashi

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Saƙonka ya iso cewa kamfani ya mayar da kai sashen kula da ma'aikata, ɓangaren tantance albashi da alawus. Na ji a muryarka kamar abin bai kwanta maka ba, kai da ka karanta tattalin arziki kana hangen banki. To ni dai na yi murna, domin amana ce babba aka damƙa maka.

Ka fara sanin cewa aikinka ya bambanta da na akawun da ke biyan albashi. Shi jadawali ake miƙa masa ya bi. Kai ne za ka zauna ka auna kowane aiki: wane ilimi yake buƙata, wane haɗari ke cikinsa, mutum nawa ke ƙarƙashin mai yinsa, me za a yi asara in ya yi kuskure. Sannan ka binciko abin da sauran kamfanoni ke biya a kan irinsa, ka ce wannan kujera matakinta kaza. Kujerar za ka auna, ɗana, ko wa ke zaune a kanta. Mace da namiji in aikinsu ɗaya, albashinsu ɗaya.

Ina yaro aka yi Udoji. Kwamitin Jerome Udoji, wanda ya duba tsarin aiki da albashin ma'aikatan gwamnati, ya miƙa rahotonsa a 1974, zamanin Janar Gowon, aka yi wa ma'aikata ƙari mai tsoka haɗe da bashin watannin baya. Gari ya cika da sababbin kekuna da babura da rediyo. Ba a jima ba 'yan kasuwa suka ɗaga farashin komai, manomi da ɗan dako da ba su ga ko kwabo ba su ma suka shiga tsadar. Tun daga lokacin na san alƙalamin mai tsara albashi yana kaiwa har tukunyar wanda bai taɓa aikin ofis ba.

Dubi kuma mafi ƙarancin albashi: naira 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, 70,000 a Yulin 2024. Jama'a wannan adadi kaɗai suke ji a rediyo, amma aikin irinku bayan sa hannu yake farawa. In ka ɗaga na ƙasa ka bar na tsakiya, sai masinja ya kusa kamo akawun da ya shekara goma yana aiki, daga nan zuciyar akawu ta mutu. Shi ya sa a 2019 aka sa hannu a Afrilu, amma sai Oktoba gwamnati da ƙungiyar ƙwadago suka daidaita kan sauran matakai: ƙarin kashi 23.2 cikin ɗari ga ma'aikatan gwamnati na mataki na 7, kashi 14 ga mataki na 15 zuwa 17. Ka nemi wannan jadawali ka yi nazarinsa da kyau.

Ga abin da ya fi damuna. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10, kuma galibi a kan ainihin albashi da kuɗin gida da na mota ake lissafawa. Wani maƙwabcinmu ya kawo mini takardar albashinsa na duba masa. Jimillar a ƙasa ta yi kyau, amma ainihin albashin ɗan mitsitsi ne, sauran duk an watsa su cikin alawus na abinci da na waya da na sutura. Bai gane ba sai da ya kusa ritaya ya leƙa asusunsa, ya zauna nan zaure ya kasa magana. Wani mai ilimi irinka ne ya tsara wannan takarda, aka kuma yaba masa da ya rage wa kamfani kashe kuɗi. Ranar da shugabanka ya nemi ka yi haka, ka nuna masa a rubuce abin da ma'aikaci zai rasa in ya tsufa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

Za ka san albashin kowa, tun daga mai shara har manaja. Wannan ko matarka kada ta ji. Masu neman alfarma kuwa za su zo, wasu ma ta wurina za su biyo; na riga na shirya amsar da zan ba su.

Ka ƙware a Excel da ƙididdiga, ka san yadda ake cire haraji, ka rubuta jarrabawar CIPM, wato cibiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata ta Najeriya, tun ƙwaƙwalwa na da zafi. Bankuna da kamfanonin sadarwa na neman masu wannan sani, ga kuma hukumar albashi ta ƙasa a Abuja. Amma duk wata ka shiga kasuwa da ƙafarka ka tambayi kwanon masara da na shinkafa, ka tambayi direbanku nawa yake biyan haya da kuɗin makarantar yara, ka rubuta a littafi ka ajiye kusa da kwamfutarka.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. In za ka zo Sallah, ka taho da kwafin jadawalin 2019 ɗin mu duba tare. Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka daga cin haƙƙin kowa.

Mahaifinka.